Alamar nan da kuke gani ba fanka bace

Yayana sana'ar gwangwan yake yi, tun ina yaro nake zuwa filinsa in zauna gefen sikeli ina kallon ciniki. Mutum ne da in ka dora masa karfe a tafin hannu zai fada maka ko miye tun kafin ya dauko mayen karfe, wannan jan karfe ne, wannan tagulla, wannan alminiyam ne aka shafa wa fenti kar ka bata min lokaci. Ana cewa ido ba mudu bane amma ya san kima, to shi har hannunsa ya san kima. Kuma duk wanda ya taba zama da 'yan gwangwan ya san ka'idar guda daya ce wadda ko sabon yaro a ranar farko yake haddace ta, abu in ya cika nauyi to akwai kudi a ciki.

Kwanakin baya ina zaune sai ga wani yaro cikin masu kawo masa kaya, ya sauke buhu ya zaro wani dunkulallen karfe, girmansa bai kai kan mutum ba amma da hannu biyu ya rungumo shi yana nishi. Nan take fili ya dau shewa. Yaron sai washe baki yake yana cewa Maigida yau kam na tako sa'a. Yayana ya jinjina abin, ya ce a kawo guduma a ga me ke ciki. Wallahi gabana ne ya fadi, dan ban dade da karanta labarin wani abu da ya faru a Burazil ba, kuma kusan da irin wannan maganar ya fara. Na ce Yaya dan Allah a dakata. Ya kalle ni irin kallon nan na to ga dan boko ya zo da nasa. Muka juya abin ta ko'ina, ba rubutu ba alama, daga baya wani dattijo da ya taba aikin injina ya ce ai wannan karfen daidaita nauyi ne na wani tsohon inji, zallar karfe ne ba komai a ciki. Aka yi ta min dariya, nima na taya su.

Amma da dariyar ta lafa sai na bude waya na nuna musu hoton alamar nan mai fukafukai uku da digo a tsakiya, baka a kan rawaya. Na ce wa ya san wannan? Daya ya ce fanka. Wani ya ce farfelar jirgi, wani ya ce tambarin wani kamfani ne yana ganinsa a jikin kaya. Yaro daya ne kawai ya ce yana ganinta a fim in za a tada bam. Yayana kansa, shekara sama da ashirin yana wannan aikin, cewa yayi shi dai ya san in an sa kokon kai da kashi biyu to guba ce, wannan kuwa ba wanda ya taba ce masa komai a kanta. Kuma ban ga laifinsa ba, waye zai fada masa? Ba makarantar gwangwan ake zuwa ba, a fili ake koyo daga wanda ya riga ka, shi ma wancan ba wanda ya fada masa.

Abin da ya hana ni sukuni tun ranar shine ita wannan ka'idar ta nauyi, wadda take ciyar da su, a wannan wajen guda daya tak ita ce take kai mutum ga halaka. Sinadarin da ke fitar da radiyeshan, wato hasken nan mai cutarwa da ido ba ya gani wanda alamar take gargadi a kai, shi kansa dan mitsitsi ne, wani ko kan dan yatsa bai kai ba. Saboda kar ya cutar da masu aiki da shi sai a rufe shi cikin katuwar riga ta darma, wani lokacin tungsten ko wani nau'in uranium da aka rage wa karfi, duka karafa ne masu dan karen nauyi, sannan a lullube da karfe mai sheki mara tsatsa. Kenan rigar da aka yi dan ta tsare mutum ita ce daidai abin da dan gwangwan yake nema ido rufe. Muddin abin na rufe da sauki, kana fasa shi dan ka ciri darmar ka bude wa abin kofa. Kwarewar ce da kanta take cewa fasa.

Za ka ce to ina dan gwangwan ina kayan nukiliya, ai wannan sai manyan kasashe. Nima haka na dauka da. Ashe abin yana ko'ina. Tsofaffin injinan gashin cutar daji na asibiti suna dauke da cobalt-60 ko caesium-137. Masu duba walda a jikin bututun mai da gas suna yawo da wata 'yar na'ura mai hannun dauka kamar akwatin kayan aiki, a cikinta akwai iridium-192. Masana'antun siminti da na karafa da na takarda da ma'adinai suna makala wasu ma'aunai a jikin tanki ko bututu dan sanin cikarsa ko kaurin abin da ke wucewa. Masu aikin titi suna da na gwada taurin kasa, masu hakar rijiyar mai suna da nasu da ake zurawa cikin rami. Har wasu tsofaffin karafan kare tsawa na saman gini da agogunan tsofaffin jiragen sama masu haske da daddare akwai radium a jikinsu. Kamfani ya karye, asibiti ya tashi, wanda ya san abin ya yi ritaya ko ya rasu, takardu suka bata, shikenan inji ya zama kwandem a bayan sito. Masana ma marayu suke kiran irin wadannan, dan ba mai kula da su. Kuma su ba sa mutuwa da wuri, caesium-137 sai ya shekara kusan 30 kafin karfinsa ya ragu da rabi, cobalt-60 shekara 5 da 'yan watanni, radium kuwa shekara 1,600.

Bari in bada labarin Burazil din a tsanake dan shi ne ya tsaya min a rai. A birnin Goiania wani asibitin gashin cutar daji mai zaman kansa ya koma sabon waje a 1985 ya bar tsohon injinsa a tsohon ginin. Ranar 13 ga Satumba 1987 wasu mutum biyu masu neman karfen sayarwa suka shiga kangon, suka kwance kan injin suka dora a baro suka kai gida. A ranar suka fara amai. Daya hannunsa ya kumbura ga gudawa ga jiri, ya je asibiti aka ce wani abu ne ya ci da bai karbe shi ba, ya je ya huta. Dayan ya ci gaba da fama da abin har ya huda shi da sukundireba, ya ga wani shudin haske a ciki. Bayan kwana biyar da dauko shi aka sayar wa wani mai filin gwangwan.

Shi kuma mai filin da daddare ya shiga gareji ya ga abu na haske shudi cikin duhu, ya dauka wani dutse ne mai daraja ko ma wani abin al'ajabi, sai ya shigar da shi cikin gida. Kwana da kwanaki 'yan uwa da makwabta na zuwa kallo, ana gutsura ana raba wa mutane tsaraba, wasu har shafawa suke a jiki dan yana kyalli. Dan uwansa ya kai kadan gida ya zuba a kasa, 'yarsa mai shekara 6 ta yi wasa da shi ta ci abinci da hannun. Ni dai duk sanda na zo nan wajen sai na ajiye wayar, dan ba mugunta a ciki ko kadan, uba ne ya ga abu mai kyau ya kawo wa 'yarsa. Garin caesium din nan gaba dayansa bai kai giram 100 ba.

Wadda ta gano bakin zaren ba likita bace ba injiniya ba, matar mai filin ce. Ta lura tun da abin nan ya shigo gidan kowa ke ciwo a lokaci daya. Ranar 28 ga Satumba ta sa ragowar a jaka, ta hau bas da shi ta kai ofishin lafiya ta dire a tebur ta ce wannan abin ne ke kashe min iyali. Washegari wani masani ya aro mitar auna radiyeshan ya nufo ofishin, tun daga nesa allurar mitar ta buga karshe, har ya dauka mitar ce ta lalace ya koma ya canzo wata. Daga nan gari ya rude. An auna mutum kusan 112,000 a filin wasa, aka samu 249 da sinadarin a jikinsu ko a kayansu, aka rushe gidaje, aka kwashe kasa da kaya kusan kubik mita 3,500 a matsayin shara mai hadari. Mutum hudu suka rasu cikin watan Oktoba, ita matar, da yarinyar nan, da yaran fili biyu, daya shekararsa 18 daya 22. Su yaran filin aikin da aka sa su kenan, su ciro darma.

Matsalar radiyeshan ita ce jikin dan Adam ba shi da hanyar jin sa. Gas yana wari, asid yana cin hannu nan take, wayar wuta ta fizge ka, wannan kuwa shiru kake ji. Shudin hasken nan ma na Goiania dace ne aka yi, yawancinsu ba sa haske, karamin karfe ne mai sheki kamar kan batir ko guntun fensir. Wani in yana da karfi sosai za a iya jin dumi a jikinsa ba tare da ya sha rana ba, amma ba abin dogara bane. Mayen karfe ba ya nuna shi. Safar hannu da but da gilashin walda duk ba sa tare shi, ratsa su yake kamar babu. Kuma ciwon ma mayaudari ne, tashin zuciya da amai da gudawa da kasala cikin awanni, wanda kowa zai ce zazzabi ne ko ciki ya baci, sai mutum ya warware na wasu kwanaki ya koma aiki ya ce ai na samu sauki, alhali a ciki bargon kashi ya daina yin jini yadda ya kamata. Bayan sati biyu ko uku sai gashi ya fara zuba, dasashi na jini, kowace karamar cuta ta kada shi. Hannun da ya rike abin sai ya yi ja ya tashi kamar kuna, kuma mutum ya rantse bai taba wuta ba. In aman ya zo da wuri sosai, cikin awa daya ko biyu, to abin da jiki ya sha mai yawa ne.

A Tailan ma haka aka yi a farkon shekarar 2000, a Samut Prakan kusa da Bankok. Wani kamfani ya ajiye tsofaffin kawunan injin gashin daji a filin ajiye motoci ba tsaro, masu tara karfe suka dauko wani bangare suka yi ta dukansa da guduma ya ki budewa, sai suka kai filin gwangwan aka sa wutar gas aka yanka. Dan cobalt din ya fado cikin tulin karafa ba wanda ya lura, ya kwana kusan sati uku a wajen ana aiki ana wucewa ta gefensa, sai da likitoci suka ga marasa lafiya masu alamu iri daya suka yi zargi suka kira hukuma. Mutum goma suka sha da yawa, uku suka mutu. Abin da ya fi bani haushi a wannan, alamar nan mai fukafukai uku tana jikin abin baro-baro. Sun gan ta. Ba su san ma'anarta ba, rubutun gargadin kuma ba da yarensu aka yi ba. Wato dai irin amsar da na samu a filin yayana.

Ita alamar a 1946 aka kirkiro ta a wani dakin bincike a Berkeley ta Amurka, masana suka yi wa masana 'yan uwansu, ba a yi ta dan mai tura baro ba. Sai a 2007 hukumar makamashin nukiliya ta duniya IAEA da ISO, hukumar tsara ka'idojin kaya ta duniya, suka fito da kari, jan alwatika mai dauke da fukafukan nan suna feso haske kan kokon kai da kasusuwa, ga mutum yana gudu da kibiya tana nuna masa hanya, bayan an gwada ta a kan mutane a kasashe 11 har da wadanda ba su yi karatu ba. Wannan kam ko yaro ya gani ya san cewa ake gudu. Sai dai a cikin na'urar ake lika ta, yadda sai wanda ya fara kwancewa zai gani, kuma tsofaffin injinan da aka kera shekara talatin arba'in da suka wuce, wadanda su ne ke fadowa hannun 'yan gwangwan, ba su da ita. Wasu ma tsatsa da fenti sun cinye ko wace alama.

Kar kuma a dauka kullum sata ce ko tsintuwa. A Indiya a 2010 Jami'ar Delhi ce da kanta ta yi gwanjon wata tsohuwar na'urar bincike mai cobalt-60 da aka daina amfani da ita tun 1985, dilolin kasuwar karafa ta Mayapuri suka saya da kudinsu halak malak suka yanka. Mutum daya ya mutu, wasu suka dade a asibiti. Gidan ilimi fa, inda malaman kimiyya suke. To in su sun manta me ke cikin dakinsu, yaron da ke rike da guduma ne zai sani?

Akwai kuma in abin ya wuce fili ba a fasa ba ya tafi har tukunyar narka karfe. A karshen 1983 a Ciudad Juarez ta Meziko aka sayar wa wani fili kan injin asibiti mai dauke da 'yan kwayoyin cobalt kusan 6,000, suka watse cikin karafa, aka loda aka kai masana'antu aka narka aka yi rodin gini da kafafun tebur, dubban tan. Ba wanda ya sani sai ranar 16 ga Janairu 1984 da wata mota dauke da rodin ta yi batan hanya ta bi ta kofar cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos a Amurka, na'urar bakin kofa ta yi kara. Batan hanyar direba ne fa ya tona. Daga baya sai da aka rushe daruruwan gine-gine. A Taiwan kuwa mutane sun shekara kusan goma suna kwana cikin gidajen da aka gina da irin wannan rodin a farkon shekarun 1980, sai a 1992 aka gano. A Sifaniya a 1998 wata masana'antar karfe ta Acerinox da ke kudancin kasar ta narka caesium ba da sani ba, hayakin ya bi iska har na'urori suka jiyo shi a Faransa da Italiya da Suwizalan.

Saboda irin wannan asarar ne manyan masana'antun narka karfe suke kafa na'ura a bakin get, duk tirelar da za ta shiga sai ta ratsa tsakanin wasu ginshikai biyu masu shinshino radiyeshan. Abu ne mai kyau, ban ce ba. Amma ku duba inda aka kafa ta. Kafin kaya su kai wannan get din sun bi ta hannun yaron da ya tsinto, da mai baro, da karamin dila, da mai yanka, da masu lodi, watakila sun kwana sati biyu a filin da mutane ke cin abinci suna kishingida a inuwar tulin karfe. Na'urar tukunya take karewa da jarin mai masana'anta. Duk labaran nan da na kawo, wadanda suka mutu suna can farkon layin ne, inda ba mita ba horo ba ko fosta a bango. Ni a ganina in za a kashe kudi kan wayar da kai to daga sikelin karamin fili ya kamata a fara, da yaren da mutanen ke ji, da hoton ainihin na'urorin yadda suke in sun tsufa sun yi tsatsa, ba taron otal da turanci ba.

Abin da na fada wa yaran filin ranar bai da yawa. Duk abin da ya fito daga asibiti ko dakin gwaji ko masana'anta ko wajen aikin mai, mai siffar tulu ko silinda ko akwati, nauyinsa ya fi karfin girmansa, yana da wata 'yar taga ko makulli ko marfi da aka daure gam, bare a ce da alamar nan ko wani karfen lamba da aka buga Cs-137 ko Co-60 ko Ir-192, to ba guduma ba wuta. A ajiye a ja da baya. Nisa shine babban makami kuma kyauta ne, in ka ninka tazararka sau biyu abin da kake sha ya koma kashi daya cikin hudu, daga mita daya ka koma mita goma ya ragu sau dari. Shi yasa aljihu ya fi ko'ina muni. A Peru a 1999 wani mai walda ya tsinci dan iridium ya sa a aljihun baya na wasu awanni, karshenta sai da aka yanke masa kafa. A Maroko a 1984 wani lebura ya kai irinsa gida ya ajiye a daki, mutum takwas suka mutu a dangin. Bayan nisa sai lokaci, kar a tsaya ana kallo ana hoto ana musu, a kori yara, a kewaye wajen da igiya ko duk abin da aka samu, a kira hukumar da ke kula da harkar nukiliya ta kasar ko 'yan kwana-kwana. Kar a jefa a ruwa, kar a binne, kar kuma a yi dabarar nan ta sayar wa na gaba a rabu da kaya.

In kuwa har an riga an fasa kuma wani gari ya zubo, a cire kayan jiki a daure a leda a ajiye nesa, wannan kadai yana raba mutum da mafi yawan abin da ya hau shi, a yi wanka da sabulu ba tare da dirzar fata ba, kar a ci komai kar a sha taba da hannun. Sannan in an je asibiti a bude baki a ce ni gwangwan nake yi, na fasa wani abu kaza ranar kaza, mu uku ne muke amai. Likita ba duba yake ba, yawancinsu har su gama aiki ba su taba ganin irin wannan ciwon ba, jimlar nan guda daya ce za ta juya tunaninsa. Akwai magani da ake bayarwa na fitar da caesium daga jiki, an yi amfani da shi a Goiania, amma sai an san abin da ake nema. Kuma mutumin da hasken kawai ya ratsa ba ya shafa wa kowa, ba abin gudu bane, a kai shi asibiti a rike shi.

Ba wai ina so mutane su tsorata da kowane karfe bane, kusan duk abin da ke shigowa fili lafiyarsa kalau, mutum zai iya gama rayuwarsa a sana'ar bai hadu da ko daya ba. Injin hoton kashi na asibiti misali, in ba wuta a jikinsa ba ya fitar da komai, haka na'urar dumama abinci ta kicin. Wani yaro ma tambayata yayi ko batirin mota na ciki, na ce a'a, shi nasa hadarin daban ne, darma da asid, wannan kuma maganar wata rana ce.

Mita kuwa, irin ta hannu da ake kira Gaiga, yanzu ana samun kanana kamar waya, kuma a ganina duk filin da ke iya sayen sikeli da tukunyar gas zai iya ajiye daya. Ka kunna ta a inda ba kaya ka ga lambar da ta saba nunawa, dan ko'ina a duniya akwai dan radiyeshan na halitta, in ka matso da ita kusa da kaya ka ga lamba na hawa tana ninkawa to ka tsaya nan. A Ostireliya a Janairun 2023 wani dan kwanson caesium mai milimita 6 da 8 ya fado daga mota a hanya mai tsawon kilomita 1,400, kuma da na'ura aka gano shi daga cikin mota tana tafiya, abin da ido ba zai taba yi ba. Sai dai mita ba lasisin yanka bace, abin da ke cikin rigar darma mai kauri ko a tsakiyar lodi zai iya nuna kadan daga waje.

Da na gama duk wannan bayanin yayana ya yi shiru, sannan ya ce to naji malam, amma tsakani da Allah, in na sayi abu da kudina na kira hukuma, wa zai biya ni? Kuma wa ya ce ba za su rufe min fili su tafi da ni ba, su ce ina na samo? Na bude baki na rufe. Dan gaskiyarsa ce, kuma ina ganin nan ne duk wata wayar da kai take cijewa, mutumin da ke tsoron a kama shi ko a dora masa kudin kwashewa ba zai kira kowa ba, cikin dare zai tura abin cikin lodin wani. Sifaniya bayan abin da ya same su sun zauna a 1999, gwamnati da masu narka karfe da 'yan gwangwan da kungiyoyin ma'aikata, suka yi yarjejeniya kan sa na'urori da kai rahoto da yadda hukumar sharar nukiliya ta kasar za ta zo ta dauke abin da aka tsinta, yadda mai fili zai san kiran ba zai zame masa bala'i ba. Na fada masa wannan, ya ce to su kenan.

Duk da haka ya ce in buga masa hoton. Na bugo guda biyu, mai fukafukan da kuma jan mai mutum yana gudu, ya sa aka lika a jikin allon da ke bayan sikeli inda kowa ke tsayawa jiran a auna masa kaya. Mitar dai har yau yana cewa sai kasuwa ta dan motsa. Satin da ya wuce na leka na tarar rana ta fara cinye jan, yaron nan mai dunkulallen karfe kuma yana nuna wa wani sabon yaro hoton da dan yatsa yana ce masa kai wannan ba fanka bace, in ka gan ta ka kira Maigida kar ka dauko.